Yaya da Tumbinsa

Tela ne ya fara tona wa yayana asiri. Ya kai ɗinkin Sallah, tela ya zagaya cikinsa da tef, ya leƙa tsohon awon da ke littafi, ya sake zagayawa, sannan ya ce, "Alhaji, sai dai a ƙaro yadi." A daren nan Yaya ya kira ni ya ce an shiga motsa jiki, kuma ni ne shaida.

Ma'aikaci ne a Kano, 'ya'yansa huɗu. Tun daga asuba har isha'i ba shi da ta kansa: kai yara boko, ofis, ɗauko su, Islamiyya, cefane. Ya ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu. Mai hankali zai raba, minti 30 a kwana biyar. Yaya sai ya yi lissafin mai bashi: me zai hana a biya duka ranar Asabar a huta?

Asabar, bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ya ɗaure sabon kambas ya zura da gudu, ni ina biye a kan babur. Abin da ya manta shi ne a unguwarmu magidanci ba ya gudu haka kawai. Mai shayi ya dire buta ya miƙe. Samari biyu da suka fito daga masallaci suka rufa masa baya, ba su ma tambayi abin da ya faru ba. Kafin a sha kwana 'yan sintiri sun haske shi da tocila, kowa da gorarsa.

"Alhaji, lafiya? Wa ya biyo ka?"

Haki ya hana shi magana, sai ya nuna musu cikinsa. Nan take ɗaya ya bazama neman adaidaita sahu a kai shi asibiti.

A agogona gudun minti 7 ne. Sauran a bencin mai shayi aka ƙarasa, da shayi mai kauri da biredi da ƙwai uku.

Da yamma ya tafi biyan bashin tsoka. A bayan layi samari na da ƙarfensu, gwangwanin fenti biyu cike da siminti an soka rodi a tsakani. Ya ɗaga sau goma sha biyu, don yaransa na kallo. Ciwon tsokar da irin wannan aiki ke jawowa ba ya zuwa a ranar, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake tsananta. Na Yaya a masallaci ya same shi, Litinin da asuba. An sallame, kowa ya watse, shi yana zaune da carbi. Ladan har ya yaba da tsawon laziminsa. Can sai ga wayarsa, murya ƙasa-ƙasa: "Kai, zo ka ɗaga ni."

Uwargida ce ta kashe maganar, ranar da ɗan garuwa ya tsayar da kurarsa a ƙofar gida. Ta ce, "Baban yara, jarka ɗaya lita 25 ce, kilo 25 ke nan. Wannan bawan Allah goma yake turawa kullum. Ka taɓa ganin tumbi a jikinsa?"

Yanzu a ƙofa ake sauke ruwa, Yaya ne ke shigar da shi har duro. Islamiyya kuma a ƙafa, minti 15 zuwa, 15 dawowa, auta a wuya tana riƙe da kunnuwansa kamar linzami. Wata uku ke nan. Tela ya ce inci ɗaya ya ragu. Ɗan garuwa kuwa har yau kuɗinsa cif yake karɓa.