Yadda Malam Ya Buɗe wa Tsuntsaye Gidan Abinci a Wurno

Ɗan Malam da ke karatu a Ingila ne ya jawo komai, da wani bidiyo da ya turo ta WhatsApp ana tsakiyar hunturu. Wata tsohuwar Baturiya ce ta rataya gwangwanin tsaba a reshen bishiya, ƙananan tsuntsaye na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ci cikin ladabi, ita kuwa tana bayan taga da kofin shayi tana rubuta sunayensu. Yaron ya ce a can babbar al'ada ce. Tun 1979 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke ware ƙarshen Janairu, kowa ya zauna awa guda ya ƙirga tsuntsayen lambunsa, kuma mutane dubu ɗaruruwa ke shiga. A Amurka ma ƙidayar lokacin Kirsimeti ta faro tun 1900.

Malam, wato mai wannan shafi, tsohon malamin makaranta ne a Wurno wanda ritaya ta bar wa lokaci fiye da kuɗi. Ya ce garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, ya rasu a 1837 aka kuma binne shi a cikinsa, bai kamata a bar shi baya a harkar ilimi ba. Ya huda tsohon gwangwanin madara, ya ɗaure a darbejiyar bayan ɗaki, ya shiga rumbu ya ɗebo gero.

Uwargida na tankaɗe ta ɗago kai. "Malam, mi kaka yi da hatsin tuwon ɗiya?"

Ya ce bincike ne. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ba ta nufin haka.

Baƙin farko ba su ko tashi sama ba. Kajin uwargida ne suka yi layi a ƙarƙashin gwangwanin suna jiran abin da iska za ta kaɗo. Akuya ta miƙe a kan ƙafafunta na baya, ta tunkuyi gwangwanin, gero ya watse, ƙadangaru suka zo kallo suna gyaɗa kai. Da dare ɓeraye suka karɓi aiki, kyanwar maƙwabta ta biyo ɓerayen. A littafin da Malam ya ja wa layi da rula, shafin farko ya tashi da akuya ɗaya, kaji tara, tsuntsun daji babu.

Daga baya dai suka zo. Kurciya ta fara sauka, tana taku tana waige, hasbiya mai jan zobe a ido ta biyo ta, sai gwara, sai hankaka da farar rigarsa ya tsaya a kan katanga yana duba ko akwai abin da ya fi gero. Malam ya ari madubin hangen nesa ya hau saman soro don ya ga kyau. Wannan hawa ma kuskure ne, domin a unguwar da matan aure ke tsakar gida, dattijo a kan soro da madubi ba ya kama da mai kallon kurciya. Kafin azahar an aiko yaro da sallama mai gajeren zance.

Sai kuma fassara ta bazu. Kowa a ƙasar Hausa ya san wanda ke watsa wa tsuntsaye hatsi da sassafe sadaka aka ce ya yi, kuma ba a sa mutum sadaka sai da buƙata. A majalisar mai shayi aka kasu biyu: wasu suka ce kujerar kansila yake nema, wasu suka ce aure zai ƙara. Fassara ta biyu ce ta riga shi isa gida. Ranar ce kuma shaho, wanda taron tsuntsayen ya jawo hankalinsa, ya kawo sura ya wuce kurciyoyin duka ya ɗauke ɗan tsakon uwargida. Tuwon daren nan ya zo ba man shanu.

Abin da bidiyon bai faɗa ba shi ne dalilin Turawa. A can ƙanƙara ke rufe ƙasa, kwari su ɓace, dare ya yi tsawo, ƙaramin tsuntsu na iya mutuwa da yunwa kafin gari ya waye. A gabashin Sakkwato hunturu na zuwa ne bayan kaka. Masussuka cike take da tsaba, ciyawa ta zubar da iri, fadamar Rima kuwa kore shar da albasa da tafarnuwa da alkama da shinkafar rani, albarkacin ruwan Lugu da madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Tsuntsun nan bai rasa abinci ba. Hasali ma tsuntsayen Turai masu wayo, irin su ƙananan agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin tafki, tsallako Hamadar Sahara suke yi su yi hunturu a wurinmu. Su ne suka kawo Yarima Philip na Ingila Dagona, a dausayin Haɗeja da Nguru, a 1989.

Wata safiya cikin Fabrairu, hazo bai gama ɗagawa ba, darbejiyar ta cika da ƙara. Jan baki ne. Ba wani babban garke ba ne, amma gwangwanin bai kai minti biyu ba. Malam na murna yana ƙoƙarin ƙirga su, su kuwa da suka gama suka tashi gaba ɗaya kamar hayaƙi, suka nufi fadama, inda alkamar maƙwabcinsa ta fara nuna.

Manomi a wannan yanki bai san wasa da jan baki ba. An ƙiyasta yawansa ya kai biliyan ɗaya da rabi a Afirka, babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Kowane ɗaya na cin kusan giram 10 a rana, garke mai miliyan 2 ke nan zai lashe tan 20 kafin magariba. Saboda shi ake kawo jirgin sama ya yi feshi a Sakkwato da Kebbi, saboda shi yara ke wuni a kan dakalin gona daga Wurno har Rabah, mahaifar Sardauna, suna jan igiya mai gwangwanaye, suna wurga majajjawa, suna ihu har murya ta dushe. Maƙwabcin nan kuɗi yake biyan yaran. Sai ga wani a bayan katangarsa ya buɗe wa abokan gaba wurin karin kumallo.

Magana ta kai gaban mai unguwa. Malam ya yi bayanin RSPB da 1979, ya nuna bidiyon, ya nuna littafin mai layi. Mai unguwa ya kalli Baturiyar har ƙarshe, ya tambaya ko tana da gonar alkama.

"Ranka ya daɗe, ban gani ba."

"To, Malam, mu muna da ita."

A gaskiya jan baki bai buƙaci gayyatar kowa ba kafin ya gano alkama, kuma mai unguwa ya san haka. Amma hukuncinsa ya yi daidai: a kwance gwangwani, a mayar wa uwargida mabuɗin rumbu, a biya ɗan tsako. In Malam na son lada da kallo, ya ajiye kasko da ruwa a inuwa, tunda daga Fabrairu zuwa saukar damina ƙishirwa ce ke damun tsuntsu, ya kuma yi kallonsa daga kan tabarma, ba daga soro ba.

Kaskon na nan, kurciya da hasbiya na zuwa da hantsi. Akuyar ce dai ke fara sha.