Wasiƙa Zuwa ga Shingen Ƙwanni

Zuwa ga Mai Girma Shinge, ƙarfe mai fenti ja da fari, wanda ke gicciye a kan hanyar da ta fita daga Birnin Ƙwanni ta nufi Illelar Sakkwato.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan ruwan damina bai sa maka tsatsa ba, igiyar da ake ɗaga ka da ita kuma ba ta tsinke ba. Amma bayan haka, ranka ya daɗe, tun da yake annobar korona ta lafa, takunkumin fuska ya koma hannun masu kabu-kabu suna kare ƙurar hunturu da shi, na ga ya kyautu mu zauna mu yi hisabin abin da ya gudana tsakaninka da mu talakawanka na Ƙwanni da Malbaza da Illelar Adar, don kada wata annobar ta zo ta tarar ba a rufe littafin wannan ba.

Ba na musun asalinka, domin kowa ya san Turawan Ingila da na Faransa ne suka yanke maka cibiya a kan takarda, a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906. Abin da nake so ka tuna ya fi wannan kusa. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta sauke ɗan'uwanka na ƙetare saboda shinkafa. Ba mu gama jajanta wa juna ba, sai ga Shugaba Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji, wanda ba sai an gaya masa matsayin kasuwar Lahadi ta Illela a wurin mutanen wannan yanki ba, ya yi jawabi ranar 17 ga Maris 2020 cewa kai ma za a sauke ka na makonni 2. Makonnin nan kuwa Allah ya albarkace su da zuriya, suka yi ta haihuwa, ba ka ɗaga wa fasinja kai ba sai a watan Yunin 2021. Filayen jiragen sama kuwa tun ranar 1 ga Agustan 2020 aka buɗe su, har ya zamana mutumin da ya taso daga Faransa, inda cutar ta hallaka dubbai, yana sauka Yamai lami lafiya muddin yana riƙe da takardar gwaji wadda ba ta wuce awa 72 ba, alhali tsohuwar Tsarnawa da ke son zuwa wankan jegon ɗiyarta a Illela ba ta da wata takarda a duniya da za ta nuna maka ka ɗaga.

A nan ne mas'alar ta tsaya mini a maƙogwaro. Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun ƙayyade cewa ba a yin sallar ƙasaru sai tafiya ta kai mil 48, saboda haka wanda ya bar Ƙwanni da hantsi, ya sayi atamfa a Illela, ya komo ya tarar da azahar a masallacin unguwarsu, shari'a ba ta kira shi musafiri ba, ba ta rage masa raka'a ko ɗaya ba, ba ta yarje masa ya sha azumi ba. Kai kaɗai ne ka ɗaukaka darajarsa, ka mai da shi baƙon ƙasar waje, ka auna shi da mudun da ake auna mai fasfo da akwati.

Kada ka zaci ina jayayya da asalin hukuncin. Mun karanta yadda Sayyidina Umar ya kai Sarg a kan hanyarsa ta Sham a zamanin annobar Amwas, ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'arsa, Abdurrahman ɗan Aufu kuma ya zo masa da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka da fita daga cikinta. Sai dai malamai sun ce hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, illar rufe ka kuwa ita ce hana mutane cuɗanya. To, me ya faru? Iyakar Nijar da Nijeriya kusan kilomita 1,500 ce, kai kuwa tsawonka bai wuce faɗin kwalta ba: ƙofa ce aka kafa a fili, aka sa mata kwaɗo, aka manta da gina katanga. Mutanen da a da suke zuwa gabanka a fili, a gan su, a ƙirga su, sai suka bi ta cikin gonakin gero, mutum uku ko huɗu a kan babur guda, ƙirjin wannan manne da bayan wancan, ana haki ana tari saboda ƙura, a daidai lokacin da rediyo ke ta nasiha a bar tazarar mita guda. Kuɗin kabu-kabu ya ninka. In har akwai masu yi maka addu'ar tsawon kwana da ikhlasi a wancan zamani, to su ne.

Da Nijeriya ta buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum ranar 16 ga Disamban 2020, sai aka shiga wani babin mai ban mamaki, domin kai kana barin kaya kana hana mutane. Buhun albasar Galmi ya sami izinin ƙetarawa, manomin da ya yi watanni yana ban ruwanta ya tsaya yana kallo. Direba da yaron mota kuwa suka wuce abinsu, sai ka ce ba a halicce su da huhu ba.

Ba zan manta da fadawanka ba. Akwai bindigar auna zafi, wadda ake saita wa mutum a goshi bayan ya sha ranar bazara a ƙafa, ta yi ƙara, a ce masa ya koma gefe. Ya zauna ƙarƙashin dogon yaro, ya sha ruwan leda, ya shafa sauran a fuska, a sake aunawa, sai ga shi ya warke sarai, warakar da ko a littattafan ɗibbu ban ga mai saurinta ba. Akwai bokitin wanke hannu mai famfo, wanda ya fi yawan yini da ƙishirwa. Akwai kuma tsinken auduga, wanda ke shiga hancin dattijo ya kai inda ko shaƙar ruwan alwala ba ta taɓa kaiwa ba, dattijon ya fito yana hawaye yana salati. Takardar da yake haifarwa sai da shugabannin ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka zauna a watan Maris 2021 suka yanke mata farashi, jaka 25 ga mai jirgi, jaka 5 ga mai mota, suka kuma ƙara mata rai zuwa kwana 5. Ka dubi yayanta, katin allurar shawara, wanda tun 2016 aka ce allura guda ta isa har ƙarshen rayuwa. Wannan shi ne mai kunya, ba ya tambaya sau biyu.

Adalci ya wajabta in faɗa cewa ba kai kaɗai ba ne. Hajjin 2020 da na 2021 ba a yarda wani daga wajen Saudiyya ya je ba, na 2022 kuma aka ce sai wanda bai kai shekara 65 ba, dattawanmu da suka sayar da bijimai suka haƙura suka ce Allah bai kira ba. Wannan kam tafiya ce ta gaske, mai teku a tsakani.

Buƙatata gare ka, Allah ya ba ka nasara, ita ce in wata annobar ta zo, Allah ya kiyaye, ka isar wa manyanka na Yamai da Abuja cewa su bambanta baƙo da maƙwabci, su zaunar da ma'aikacin lafiya a gindinka da kayan gwajin da talaka zai iya biya, su bar ka kana ɗagawa, domin wanda ya bi ta gabanka ana iya auna shi, wanda ya bi ta gona kuwa sai jaki ne shaidarsa. A kuma kafa rumfa ga masu jira, a sa wani yaro ya riƙa cika bokitin.

Batun saukar da ka sake yi daga 2023 zuwa Maris 2024 kuwa shari'a ce ta siyasa, alƙalinta daban, ba zan haɗa ta da wannan ƙara ba.

Haza wassalam.

Naka mai biyayya,
wani talaka mazaunin Ƙwanni.