Wasiƙa daga Amsterdam

Zuwa ga taubashina mai manyan kunnuwa,

Yaya Gwaggo da ƙafa? Ka durƙusa ka gaishe min da ita, ba a tsaye ba yadda ka saba.

Kana ta ƙorafi wai ba na ɗaga waya. To, kanka nake ginawa. A wurin aiki an ce in ƙera kan wani tauraron zane mai motsi, wanda yara da sun gan shi za su fashe da dariya. Wallahi ban yi dogon tunani ba.

Manhajar da nake aiki da ita sunanta Blender, gidanta yana nan Amsterdam. Kyauta ce tun 2002, lokacin da masu sonta suka yi karo-karo na Yuro 100,000 aka fanshe ta. Da ita aka yi Flow, fim ɗin kyanwar nan na ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025.

Da dunƙule guda ake farawa, a ja nan a danna can, kamar maginin tukwane da yumɓu. Rabin fuska kawai nake yi, kwamfuta ta cike ɗaya rabin. Ido ya girma, hanci ya ƙanƙance. Amma ba barkatai ake ƙari ba, abu ɗaya ake nema wanda da an gan shi an san mutum. Naka kuwa bai ɓuya ba. Ga kunne da wuyar sassaƙa, lungu cikin lungu, balle irin naka da ke riga ka shiga ɗaki.

Daɗin aikin yana wajen baki da ido. Bayan sassaƙa sai a sake shimfiɗa layuka a kan fuskar, gida-gida masu kusurwa huɗu, su kewaye baki da idanu zobe-zobe. In zoben bai zauna daidai ba, da ya yi murmushi sai kumatu su yamutse. Ni ko dariyarka nake so ya yi, wadda ake jiyowa tun daga bakin kasuwa, don babu irinta a garin nan, kuma ina kewarta ƙwarai.

Ka turo hoto biyu, na gaba da na gefe, ban da hula. Kar ka lanƙwashe kunnuwan, na san girmansu. Maganar kuɗin shara kuma sai na zo, a gaban Gwaggo za a yi ta.

Naka,
Taubashinka na Holan