Masu Zuwa Wurin Mai Zane

Akwai wani mai zane a bayan layinmu a Kano, shagonsa bai fi ɗakin mai gadi ba, kuma a bencinsa nake shan iska bayan la'asar. Da zanen bayan tifa da allon shagon aski ya fara, yanzu har hotunan falo yake yi. Zama ya sa tun daga sallamar mutum nake gane irin wahalar da ya kawo.

Alhaji Rage-mini shi ke fara zuwa. Zai ƙare wa zanen Ƙofar Nassarawa kallo, ya ce, "Nawa wannan?"

"Dubu talatin, ranka ya daɗe."

Sai ya dafe ƙirji. "Fenti da katako ne fa! A Sabon Gari na ga wanda ya fi shi girma, har da agogo a jiki, dubu takwas." Kuma gaskiya ya faɗa. Bugun inji ne, irinsa sak yana rataye a falon duk maƙwabtansa. Kujerun da za a rataye zanen a samansu kuwa, ko tayawa bai yi ba ya biya.

Hajiya ba ta da rowa, labule ne matsalarta. Da ƙyallensa take zuwa a jaka. "Malam, Dutsen Dala nake so, amma ka yi shi ruwan hoda, ya shiga da labulena."

"Hajiya, ai Dala ja ne."

"Na waje ka bar shi da jansa. Wannan na falona ne."

Bayan wata uku ta canza labule, sai ga Dala a bayan adaidaita, an dawo da shi a mayar da shi ruwan toka.

Wanda na fi tausaya wa shi ne Mai Fatawa. Zuciyarsa na son hawan Daushe, kunnensa kuma ya ji wa'azi a kan rataye hoton abu mai rai. Ya daɗe yana jan gemu kafin ya yanke hukunci: a zana masa hawan, amma kada a sa mutum, kada a sa doki. Mai zane bai yi musu ba. Ranar karɓa sai ga Ƙofar Kudu, inda ake jahi, ƙura ta turnuƙe ta ko'ina, da kashin doki a gefe guda don shaida.

"Ina mahayan?"

"Yanzun nan suka wuce, Malam."

Ya biya, har da addu'a. Da ni ya tambaya, da na tura shi Kasuwar Kurmi ya nemi allon zayyana, irin wanda ake yi wa ɗalibi idan ya sauke Alƙur'ani. Aikin hannu ne tsantsa, alƙalami da tawada masu launi, babu mai rai a jiki, kuma ba ya karya aljihu. Mu ne dai ba ma ganinsa da daraja sai mun ga Bature ya naɗe shi ya tafi da shi.

Mai kawo hoton kansa ba ya cin lokaci: a rage tumbi, a cire furfura, a ƙara haske. Idan an gama ya ce bai yi kama da shi ba.

Sai Ɗan Boko, wanda ya fi mai zanen sanin zane. Zai ba ka tarihin ƙungiyar da ɗaliban zane suka kafa a Zariya a 1958, ya ambaci Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya kamar tare suka yi makaranta, ya tuna maka cewa matar da ke ginin tukunya a bayan naira ashirin Ladi Kwali ce. Naira ashirin ɗin ce ba ya fitarwa. Kuɗinsa baki ne: "Ka yi mini kawai, manyan mutane na zuwa gidana, za a san ka." Mai zane ya taɓa ce masa mai shago ya riga ya san shi, taliya ce ba ya bayarwa da sani.

Kada a ce na ɗaure wa mai zane gindi, shi ma ɗan'uwan tela ne. Jibinsa ba ta zuwa, kuma kafin alƙalamin da ka ba shi na fenti yakan bi ta wurin mai shinkafa.

Akwai kuma wanda ke ba da rabin kuɗi ya yi shiru. Zanen gidan kakansa ne, da zankwaye da Dagin Arewa a saman zaure. An gama tun bara, yana jingine a bayan ƙofa, gizo-gizo ya yi masa labule. Mai shi bai gudu ba, kullum yana kan benci yana lura da halin mutane. Saura dubu goma sha biyu. Malam, ka ƙara haƙuri, ƙarshen watan nan ne in Allah ya yarda.