Yadda Ake Ɓata Hoto da Gangan a Kira Ka Gwani

Tun ranar da mutum ya fara riƙe kyamara ake ja masa kunne: kada hannu ya yi rawa, kada hoto ya fito dishi-dishi. To, ga albishir. Akwai wani salo da manyan masu hoto suke ji da shi, inda ake murɗa zum, wato zoben gilashin da ke matso da abu ko nisanta shi, a daidai lokacin da kyamara take ɗauka. Tsakiyar hoton ta fito sarai, sauran kuma ya tarwatse zare-zare zuwa kowace kusurwa, mai kallo ya ji har jiri na ɗibarsa. Sai dai ɓarnar nan tana da ƙa'ida, kuma ta fi hoton lafiya wahala. Ga matakan.

Na ɗaya, nemi gilashin da ke yin zum. Mai tsayi ɗaya irin 50mm, ko ka kwana kana murɗa shi, fokas kaɗai zai canza. Ba sai ka sayar da gona ba: 18-55mm ɗin nan da ya zo cikin kwalin kyamara, wanda kake jin kunyar fito da shi gaban manya, ya wadatar. Ka ma riƙa girmama shi, domin kafin 1959, shekarar da kamfanin Voigtländer na Jamus ya fito da Zoomar mai 36-82mm, masu kyamarar fim 35mm da ƙafafunsu suke yin zum. Mai wayar hannu kuwa ya zauna ya yi kallo, wannan taron ba nasa ba ne.

Na biyu, kafe kyamarar a kan abin ɗorawa mai ƙafa uku. Motsi ɗaya ake buƙata, na zum. Idan hannunka ya ƙara nasa, layukan za su karkace, tsakiyar ta narke, ka koma gidan jiya. In babu mai ƙafa uku, kife turmi ka ɗora, amma ka nemi izinin mai shi. Ka kashe na'urar hana girgiza, wadda Canon ke kira IS, Nikon ke kira VR. Idan ta rasa girgizar da za ta gyara, takan ƙirƙiro tata.

Na uku, koya wa shota nawa, wato ƙyauren da ke buɗewa haske ya shiga. Juya maɓalli zuwa Tv a Canon, ko S a Nikon da Sony. A kan 1/500 na daƙiƙa, kafin ka ce kwabo ƙyauren ya rufe, hannunka bai ko motsa ba. Fara daga 1/15 ko 1/8, da dare kuma ka kai daƙiƙa ɗaya ko biyu. Tunda ƙyaure zai daɗe a buɗe, sai ka rage hasken ta wata hanya: ISO ya sauka 100, kafar gilashi ta tsuke zuwa f/16 ko f/22. Da ranar azahar ko wannan ba zai isa ba, hoton fari fat zai fito. Maganinsa filta mai duhu da ake kira ND. Mai lamba 64 tana mayar da 1/500 ya koma 1/8. Wanda bai da ita ya jira la'asar sakaliya, rana takan rage farashi da kanta.

Ga wani gargaɗi na lokacin hunturu. A f/22, duk ƙurar da ta kwanta a kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, sai ta fito fili. Kuma da yake ita ba ta bin zum, za ka samu komai ya watse sai ɗige-ɗigen ƙura zaune daram a wurarensu. Ka share kafin ka fita.

Na huɗu, zaɓi abin ɗauka, ka sa shi tsakiya tsaf, domin daga nan layukan suke tasowa, nan ne kuma motsi ya fi ƙanƙanta. Bango mai launi ɗaya ba zai ba ka komai ba. Launuka da fitilu ake nema: atamfofin da aka jera a Kantin Kwari, fitilun adaidaita sahu bayan magariba, ko mahayi cikin alkyabba ranar Hawan Daushe. Idan dokin ya nufo ka a guje kana leƙe ta kyamara, ka tuna wani ɓangare na matsowar ba zum ba ne. Ka ja gilashin zuwa ƙarshen tsayinsa, ka saita fokas, sannan ka mayar da shi na hannu don kada kyamara ta shiga laluben wani abu daban.

Na biyar, murɗawar kanta, kuma nan ake gane gwani. Fara juya zoben zum kafin ka danna, ka ci gaba har bayan ƙyaure ya rufe, da hannu sumul irin na mai tuƙa tuwo a ƙarshen aiki. Duk inda ka yi gargada, sai ta fito a hoton gaɓa-gaɓa. Idan lokacin ya kai daƙiƙa biyu, ka tsaya cik na rabinsa, sannan ka murɗa a sauran. Haka abin da ka ɗauka zai zauna da kamanninsa, layukan su zame masa ado. Mafi yawan abin da za ka ɗauka shara ne. Ka goge a ɓoye.

Na shida, idan fuskar mutum ce, kunna filasha. Walƙiyarta gajeriya ce ƙwarai, tana daskarar da fuskar yayin da fitilun baya suke ja. Ka saita ta ta tashi a ƙarshen ɗauka, layukan su biyo baya da kyau. Amma a gidan biki, ka fara gama hotunan Allah da Annabi tukuna. Ranar da uwar amarya ta buɗe albam ta ce, "Malam mai hoto, ina fuskar 'yata?", amsar "Hajiya, ai zamani ne" ba za ta fisshe ka ba.

Na bakwai, tanadi hujja. Idan wani ya ce hoton ya lalace, gyara tsayuwa ka ambaci Ernst Haas, ɗan ƙasar Ostiriya da ya ɗauki wasan bijimai a Sifaniya da shota mai nawa har mutum da sa suka gauraya, kuma a 1962 gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya baje hotunansa masu launi. Kada ka yarda a tambaye ka ko da zum ya yi nasa. Idan wani yaro ya ce ai Photoshop na yin wannan cikin minti ɗaya, ka girgiza kai, ka ce yaran yanzu ba su san wahala ba.

Na ƙarshe, kuma shi ne ginshiƙin sana'ar: ka karɓi kuɗin aikinka cif kafin ka nuna hoton.