Zuwa ga Mai Girma Kemistiri, Sarkin Sinadarai



Ina fatan ka kwana lafiya, don mu dai a Kafinsoli ba mu runtsa ba. Jiya bayan isha'i, wuta na ɗaukewa, 'yata ta baje mini aikin gida a tabarma ta ce, "Baba, gobe za a karɓa." Da tocilar waya muka tunkare ka.

A kan asid da bes ba ni da ƙara. Tsamiya da lemun tsami asid ne, kanwa da ruwan toka bes. Kakar yarinyar ta san kanwa na kashe tsami ba tare da ta taɓa jin labarin Sørensen ba, mutumin Denmak da ya fito da ma'aunin pH a 1909. Sunayen yaranka masu karya harshe ma na yafe.

Ridoks ne ya kawo ni. An haɗa MnO₄⁻ da Fe²⁺ cikin asid, wai a daidaita. Manganis zai sauko daga +7 zuwa +2, yana neman ilektiron 5. Ƙarfe kuwa marowaci ne, 1 kacal yake saki, sai an tara masa 'yan'uwa su cika 5. To, na yarda. Sai ga oksijin 4 a hagu, dama wayam. Me dokarka ta ce? A zuba ruwa 4 a dama. Ruwan ya jawo haidirojin 8, wai a cusa H⁺ 8 a hagu. Uwar adashen da duk ta cike giɓi irin haka, ai da tuni tana gaban alƙali a Kankiya.

Na tambayi yarinya daga ina ake ɗebo ruwan nan, ta ce malam ya ce yana cikin kwalbar gwaji. Wace kwalba? Yarinyar nan ba ta taɓa riƙe ta ba! Ta haddace cewa famanganet, wato MnO₄⁻ ɗin nan, shuɗi ne mai ratsin ja, kuma launin na ɓacewa in ya gamu da ƙarfe, amma a allo kawai ta gan shi, da farin alli.

Kai Kemistiri, ka ji tsoron Allah mana. Muna murnar gamawa sai ga tambaya ta biyu: a sake, amma cikin bes. Nan kuma manganis ya canza ra'ayi, ilektiron 3 yake so, ya tsaya a MnO₂, a kawo OH⁻ a kore H⁺ ɗin da muka sha wuyar tarawa. Shi manganis ɗin gidan uban wa ya taɓa yi wa aiki da zai riƙa sauya farashi?

WAEC da NECO na tafe, kuma akwai jarrabawar gwaji da hannu. Motocin Kano zuwa Katsina kullum sai sun ratsa Kankiya. Ka ba direba kwalba ɗaya ta famanganet da buret, ni zan je tasha in karɓa, kuɗin mota kuma a wuyanka.

Wani uba,
Kafinsoli.