Tsegumi: Kotu Ta Raba Baffa Da Makullai

Ku matso kusa, kada muryata ta haura katanga. A makon nan a Akra, daga bakin babbar kwatar Nima har inuwar Masallacin Ƙasa na Kanda, masu shayi ba su da wata hira sai ta wani Baffa da kotu ta karɓe wa makullai. Suna kam ba za ku ji a bakina ba. Gidan akwai 'yan mata da ba su yi aure ba, ni ma kuma ta layin nake bi zuwa kasuwar Laraba.

Wani Alhaji ne ya rasu, cikin waɗanda iyayensu suka samu fili tun zamanin da Malam Amadu Futa ke yanka wa baƙi wurin zama a Nima. Ya bar mata biyu, 'ya'ya rututu, gidajen haya a Nima da Mamobi, da shaguna masu kallon titi. Aka yi addu'ar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Malamai suka zo da alƙalami za su fitar da tumunin takaba su raba saura, sai ƙanin mamacin ya ce a dakata. Wai akwai marayu ƙanana, kada a yayyaga gida, shi zai riƙe amana har su yi wayo. Jama'a suka yi ta sa masa albarka.

Ashe Baffa ya riga ya ga lauya. Takardar kula da dukiyar mamaci ya nema, wadda kowa a Akra ke kira LA. Dokar kula da dukiyar mamaci ta 1961 ta ce muddin akwai ƙananan yara cikin magada, mutum ɗaya ba ya riƙe wannan takarda, sai biyu, kuma ba a wuce huɗu. Sai ya ɗauko uwargida, tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba, aka dangwala mata yatsa. Ita a zatonta kuɗin banki za a ciro. Kafin kotu ta ba da takardar kuma, ana manna sanarwa kwana 21, har a gidan da mamaci ya zauna, domin mai ja ya fito. Wata maƙwabciya ta rantse mini da magariba ta ga takardar a jikin ƙofa, da asuba sai shatin gam. Da aka tambaya, Baffa ya ce akuya ce ta cinye. Akuyoyin Nima dai akwai tsawo.

Daga nan sai harka ta buɗe. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma duk wanda ya taɓa neman ɗaki a garin nan ya san shekara biyu ake kirgawa a tafin hannu kafin a ga makulli. Ku lissafa ɗakunan gida guda, ku ƙara da shaguna. Baffa ya sake fenti, ya je Umra, ya ƙara mata ta uku. Amaryar mamaci kuwa in ta aika neman kuɗin makarantar yara, sai a ce mata kasuwa ba daɗi, ta yi haƙuri. Ana ma raɗe-raɗin ya ba wani mai kuɗi shago guda ya rushe ya ɗora bene na shekara da shekaru, babu magajin da ya ga takardar.

Wadda ta tayar da ƙurar ba daga ɗakin amarya ta fito ba, a nan ne lissafin Baffa ya kuskure. Babbar 'yar uwargida ce, wadda ke aikin jinya a Amurka. Ta zo Babbar Sallah, ta durƙusa har ƙasa ta gaida shi, sannan ta ce, “Baffa, don Allah ina son ganin littafin haya.” An ce hularsa sai da ta karkace. “Ni da na yanka ragon sunanki za ki tuhuma?” Aka je wajen limamin unguwa, aka je wajen dattawa, har aka kawo shawarar a tafi Fadama, gidan Babban Limamin Ƙasa Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, a nemi sulhu. Baffa ya buga ƙasa ya ce shi takardar kotu ke hannunsa, malamai ba su da hurumi.

To, da bakinsa ya nuna musu hanya. Takardar nan ba ta mayar da mutum mai gida. Wakili kawai take naɗawa, kuma dokar da ta ba shi ita ta ce ya raba dukiya cikin shekara ɗaya. Wadda ta zauna a bencin baya ranar shari'a ta ce da alƙali ya nemi lissafi, baƙar leda Baffa ya ɗora kan tebur. Aka zazzage: rasidin rumfa da kujerun addu'ar arba'in, na sa guda, na atamfar yayi, sai na gyaran famfo da ruwa ya cinye rubutunsa. Na shigar kuɗi ko ɗaya babu. Uwargida ta miƙe ta ce ita ba a taɓa karanta mata abin da ta dangwala ba. Kotu ta soke takardar, ta naɗa 'yar nan tare da babban ɗan amarya, ta umarci Baffa ya miƙa makullai da takardun filaye, ya kuma kawo lissafin duk abin da ya shiga hannunsa. Mu da muka yi ta dariyar iyalin mawaƙi Daddy Lumba bayan rasuwarsa a Yulin 2025, matansa na kai-komo a babbar kotun Kumasi, ga namu a tsakar gida.

Amma naman maganar yana gaba. 'Ya'ya mazan gidan, waɗanda suka yi gum shekarun nan don Baffa na ɗan jefa musu na cefane, yanzu ne idonsu ya raina fata. Kotun Gana ba da ilimin fara'id take rabo ba. A da, ƙarƙashin dokar auren Musulmi ta 1907, sai wanda aka yi wa aurensa rajista cikin mako guda ne kotu ke raba gadonsa bisa Shari'a, haka Alƙali Ollennu ya tabbatar a 1961, kuma a Zongo mutum nawa ne ya taɓa yin wannan rajista? Da doka mai lamba 111 ta zo a 1985, zamanin Rawlings, har wannan 'yar kafar ta toshe. Wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, kayan ɗaki da gida guda na mata da 'ya'ya ne. Sauran a kasa 16: uku na mata, tara na 'ya'ya, biyu na iyaye, biyu a bi al'ada. Kuma ɗa da 'ya kai ɗaya suke, babu zancen namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Sai ga samarin nan suna sintiri gidan malaman da Baffa ya sallama ranar arba'in, wai a dubi Allah a dawo rabon Musulunci.

Na ji an ce sabuwar wakiliyar ta amsa musu cewa ita ma tana tsoron Allah, in duk magada sun yarda za ta karɓi rabin na namiji ba gardama, amma sai Baffa ya fara kawo littafi, don ba a raba abin da ba a san yawansa ba. Ni dai ban ga laifinta ba. Da Alhaji ya sa an rubuta masa wasiyya bisa dokar wasiyya ta 1971, da shaidu biyu, ya ce a bi Shari'a, da duk wannan tonon silili bai taso ba.

Ku kuma 'yan haya na gidajen nan, musamman waɗanda suka kirga wa Baffa shekara biyu bayan sallar Isha'i babu shaida, ku fara laluben ƙarƙashin katifa. An ce sababbin wakilai za su bi ɗaki ɗaki a ƙarshen wata, kuma rasidi kawai za su duba.